Awon Numfashi: Abin da Sakan Ɗaya Ke Faɗa wa Likita

Zancen kimiyya na yau a kan huhu ne, da yadda likita kan gane ciwonsa ta wurin awon iskar da mutum ya busa.

Cikin shekara ta 1846 wani likitan Ingila, John Hutchinson, ya fito da wani ma'auni da ya ƙera. Gwangwani ne a kife cikin ruwa, da bututu a jikinsa. In mutum ya ja numfashi iyakar ƙarfinsa ya busa, sai gwangwanin ya taso, a karanta yawan iskar. Hutchinson ya gwada mutum fiye da 2,000, da sojoji, da 'yan dambe, da marasa lafiya. Ya tarar dogo ya fi gajere ɗaukar iska, masu tarin fuka kuwa iskarsu takan ragu tun cutar ba ta yi nisa ba.

Amma yawan iska kaɗai bai isa ba. Cikin 1947 Robert Tiffeneau, wani likita a birnin Paris, ya nuna lalle a duba saurin fitarta kuma, watau a auna abin da ya fita cikin sakan ɗaya na farko. A kan waɗannan lambobi biyu aikin ya tsaya har yau.

Ga yadda akan yi. Mutum ya zauna, a matse masa hanci, ya cika ƙirjinsa, sa'an nan ya busa da ƙarfi har iska ta ƙare. Akan maimaita sau uku ko fi, domin raunin busa yakan ruɗi likita. Saurayi lafiyayye yakan fitar da lita 4 zuwa 5, kusan kashi huɗu cikin biyar na wannan iska kuwa cikin sakan na farko take fita. Likita yakan gwada sakamakon da abin da ya dace da shekarun mutumin, da tsawonsa, da ko namiji ne ko mace.

To, a ɗauki misalin salka. Wata salka cike take da ruwa, amma bakinta ya matse, ruwan ba ya fita sai a hankali. Wata kuwa bakinta lafiya lau, sai dai fatar ta bushe ta ƙanƙance, ba ta ɗaukar ruwa da yawa. Haka ciwon huhu ya kasu.

Mai irin salka ta farko, abin da ya fitar cikin sakan ɗaya yakan kasa 70 cikin ɗari na jimlar iskarsa. Hanyoyin iska ne suka ƙuntata. Daga nan sai likita ya ba shi maganin shaƙa mai buɗe hanya, a jira kamar minti 15, ya sake busawa. In lambar ta tashi sosai, asma ake zato, ita kuwa takan ji magani. In ta tsaya ƙasa da 70, alamar daɗaɗɗiyar toshewa ke nan, wadda shan taba kan jawo, ko shekara da shekaru na shaƙar hayaƙin itace a madafi marar taga.

Mai irin salka ta biyu kuwa, lissafinsa yakan yaudari wanda bai sani ba. A ce jimlar iskarsa lita 2 ce kawai, kusan dukanta ta fita cikin sakan ɗaya. Sauri ya yi kyau, amma mazubin ya ragu. Akan ga haka ga masu fasa dutse da masu haƙar ma'adinai waɗanda ƙura ta sandarar wa huhu, da wanda tarin fuka ya bar wa tabo, har da mai ƙiba ainun. A nan likita ba ya yanke hukunci sai ya ƙara da hoton ƙirji da awon dukan girman huhu. Shi tarin fuka kansa, ta wurin binciken kaki ake tabbatar da shi.

Babban amfanin wannan awo shi ne, yakan tona ɓarna tun mutum yana ganin kansa garau. Mutum yakan ɗora haki a kan tsufa ko gajiya, alhali huhunsa ne ke raguwa. Abin da ya riga ya lalace ba ya komowa, amma barin taba da guje wa hayaƙi da ƙura sukan rage saurin ɓarnar ƙwarai. Saboda haka wanda ya daɗe yana tari, ko yake haki in ya hau bene, ko yake sana'a cikin ƙura, ya kamata ya nemi likita ya auna masa numfashi. Hausawa sun ce, tun ran gini ran zane.

Nan shirin ya ƙare. Sai mako mai zuwa, a huta lafiya.