Kwana Goma Muka Ɗiba

Ranar Litinin, 24 ga Yuli 2023, muka bar Kano da sassafe a motar haya, ni da maiɗakina da 'ya'yanmu uku. Kwana goma muka ɗiba. Shekararmu tara da aure, amma ban taɓa kwana a garinsu ba. A Kano aka ɗaura auren, a gidan baffanta mai fataucin hatsi a Dawanau, wanda ya riƙe ta tun tana ƙarama. Duk ganin gidan da take zuwa ita kaɗai take tafiya, ko da goyo a baya. Abin ya daɗe yana ci mini rai, shi ya sa da aka ba mu hutun makaranta na ce wannan karon da ni za a je Tirmini.

Hanyar ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya san arewacin Kano: Kazaure, Daura, sai Kongolam inda Najeriya ta ƙare. Ana tsallakawa sai Ɗan Barto, daga nan Matamaye, Kance, har Takeita, inda hanya ke haɗuwa da babban titin da ya taso daga Yamai. Sai a karya gabas. Tirmini na bakin wannan titi, kafin a shiga birnin Zinder, wanda mutanen ƙasar ba su cika kira da wani suna ba sai Damagaram. Damina ta kankama, gero ya kai gwiwa, wani wurin ya fi. Babban ɗana ya tambaye ni me ya sa itatuwan cikin gonaki suka bushe alhali ko'ina kore ne. Uwarsa ta ce masa gawo ne, shi da damina yake zubar da ganye, sai rani ya yi ado, don haka manomi ke barin sa a tsakiyar gona, ba ya tare wa shuka rana.

Surukina yana zaune kan tabarma a zaure muka iso. Na tuɓe takalmi tun daga waje, na durƙusa nesa kaɗan, idona a ƙasa.

"Sannunku da hanya, Malam. Kun sha rana."

"Baba, mun same ku lafiya? Ya damina?"

"Damina alhamdu lillahi. A kai su su huta."

Iyakar abin da ya shiga tsakaninmu ke nan a ranar, kuma haka ya dace. A gidan wan maiɗakina aka sauke ni. Washegari muka shiga zagayen gaisuwa, gidan goggo, gidan inna, gidajen ƙawayenta na ƙuruciya, muna raba tsarabar atamfa da sabulu da goro. Kowane gida sai an dama fura. Hausarmu ɗaya, sai 'yan kalmomi: makaranta lakwal ce, wutar lantarki kuran, ɗan acaɓa kuma ɗan kabu-kabu. Lissafin kuɗi ne ya ɗauke ni kwana biyu, don su da dala suke ƙirga, sefa biyar dala guda, sefa dubu kuma jika.

Ran Laraba muka shiga Damagaram yawon buɗe ido. Tafiyar ba ta kai rabin awa ba. Abin da ya fara kama idona manyan duwatsun nan ne, mulmulallu, wani kan wani, gidaje sun raɓu a jikinsu. Muka shiga Birni ta lunguna masu ƙunci, muna kallon zanen da magina suka yi a fuskokin zaurukan ƙasa. Muka tsaya ƙofar fadar Sarki, dogarai na zaune cikin jajayen kaya. Wan maiɗakina ya nuna mana guntayen ganuwar da Sarki Tanimu ya kewaye garin da ita. Shi ne ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, ya sa aka riƙa ƙera manyan bindigogi a cikin gari, ayarin raƙuma na tasowa daga Tarabulus su sauka a Zango kafin su wuce Kano. Nan ne ma babban birnin Nijar har 1926, kafin Faransawa su mayar da shi Yamai. Muka ƙarasa kasuwar Dole, muka sayi alkaki da kilishi da takalman fata na yara.

Duk wannan yawon da muke yi, a can Yamai sojojin da ke gadin fadar shugaban ƙasa sun riga sun tsare Mohamed Bazoum. Mun ji ƙishin-ƙishin a tasha da la'asar, ba wanda ya ɗauke shi da nauyi. Cikin dare sojoji suka fito a talabijin suka ce sun karɓi mulki, sun rufe iyakoki, sun sa dokar hana fita. Ran Juma'a aka ji sunan Janar Abdourahamane Tchiani a matsayin jagoransu. A makon ne cika-ciki ya faɗo, aka ci tuwo aka ƙoshi, kowa na cewa kwana biyu ne za a buɗe hanya.

Sai ga Lahadi, 30 ga wata. Shugabannin ƙungiyar da mu muke kira ECOWAS, su kuma suke kira Sedeyawo, suka zauna a Abuja. Suka rufe iyakoki ta nasu ɓangaren, suka tsayar da hada-hadar kuɗi, suka ba sojojin mako guda su mayar da Bazoum, in ba haka ba a yi amfani da ƙarfi. Muna zaune a majalisar shayi, rediyo a tsakiya, aka karanta labarin. Ba wanda ya dube ni. Wannan kawar da kai da suka yi don kada in ji nauyi, shi ya fi komai nauyi a zuciyata. Can wani saurayi ya kasa daurewa.

"Malam, yanzu in sojanku za su zo, ta nan za su bi?"

Na rasa amsa, domin hanyar da yake nufi ita ce wadda na biyo da 'ya'yana kwana shida da suka wuce.

Da asuba aka aiko yaro wai Baba na kira. Na same shi tsaye da doguwar hauyar nan da ake noma da ita a tsaye, ga wata a jingine. Ya miƙo mini ita.

"Zaman sauraren rediyo ba ya ƙara komai sai ciwon kai. Zo mu je gona."

Wanda bai san kunyar surukuta ba ba zai gane girman wannan magana ba. Shekara tara ban taɓa jera kafaɗa da shi ba. Ya koya mini yadda ake tura hauyar gaba cikin yashi ta yanke ciyawa daga ƙasa, ba tare da an sunkuya ba, ba irin noman fartanyar da na tashi da shi ba. Da rana ta ɗaga muka zauna gindin gawo, ya miƙa hannu yamma, ta inda titi ya fito.

"Ta nan suka ɓullo. Kakana yana yaro a lokacin. Ya ce dawakin Damagaram sun cika dajin nan, da masu da takubba da bindigogin gargajiya. Amma harsashin Nasara ba ya jiran doki ya iso."

Na san labarin a takarda, don tarihi nake koyarwa, amma ban taɓa zama a kan ƙasar da aka yi shi ba. A watan Mayun 1898 wani kyaftin ɗin Faransa, Cazemajou, ya sauka Zinder, Sarki Amadu Kuran Daga ya sa aka kashe shi. Shekara na zagayowa sai ga rundunar Voulet da Chanoine daga yamma, wadda ta bar toka da gawarwaki a bayanta, ta yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu, ta yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba. Ta'asar ta kai har Faransa ta turo Kanar Klobb ya karɓe jagoranci, Voulet ya sa aka harbe shi ran 14 ga Yuli 1899. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu suka kashe su biyun a wajen Maijirgi. Ragowar rundunar, ƙarƙashin Laftanar Pallier, ita ce ta ci gaba da tafiya gabas har ta iske mayaƙan Kuran Daga a nan Tirmini. Aka gwabza, Damagaram ta karye. Ran 30 ga Yuli 1899 Faransawa suka shiga Zinder, a watan Satumba aka kashe Sarkin.

Ina lissafa kwanakin a raina sai gabana ya faɗi. Ran 30 ga Yuli. Shekara 124 cif tsakanin ranar da Damagaram ta faɗa hannun Faransa da ranar da aka zauna a Abuja aka rufe mana hanyar gida. Na faɗa wa Baba. Ya yi shiru, ya ɗebi yashi ya zubar.

"To ka gani. Da ba a ci mu a nan ba, wa zai tambaye ka takarda tsakanin Daura da Kance?"

Ba ina cewa kafin Turawa lafiya lau ake zaune ba. Shi kansa Kuran Daga ya kai wa ƙasar Kano yaƙi a zamanin Sarki Alu, dakarunsa sun kai har Gezawa. Amma yaƙin sarakuna daban, layin da Ingila da Faransa suka yi ta ja suna gyarawa a 1898 da 1904 da 1906 daban. Wancan ana yi a gama, fatake su koma kan hanya. Wannan kuwa ya zauna, tsawon sama da kilomita 1,500, ya bi ta tsakiyar gonaki da dangi daga Kebbi har Borno.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi tsanani. Najeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar, wadda a lokacin ita ce mafi yawan abin da ƙasar ke amfani da shi, cajin waya ya koma sai wurin mai faranti mai aiki da hasken rana. Katin bankina ya zama kwali. Guzurin kwana goma ya ƙare. Shinkafa da mai da sukari suka yi tsada, manyan motoci sun yi layi a bakin iyaka kaya na ruɓewa. Kuma watan Agusta ne, lokacin da kowane manomi ya san rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba. A irin wannan lokaci aka ƙara wa gidan bakuna biyar. Na ga surukata na auna hatsi da kwano tana ragewa, tana cika cikin manya da kwaɗon tafasa da zogale, amma kwanon da za a kawo mini kullum a cike yake, har da man shanu. Na ɗauki wayata zan kai Damagaram in sayar, wan maiɗakina ya tare ni a ƙofa.

"Haba, Malam. So kake a ce baƙonmu ya sayar da kayansa don ya ci tuwo? In Baba ya ji, ni zai kora."

Na mayar da ita aljihu. Abin da ya rage mini shi ne gona, kuma na riƙe ta da gaske. Kullum bayan asuba ni da Baba da samarin gidan, har tafin hannuna ya yi kanta. Yarana suka saje da 'yan uwansu, suna bin awaki, auta har ta fara cewa kuran.

Wa'adin mako guda ya cika ran 6 ga Agusta. Daren nan mutane da yawa ba su runtsa ba, duk ƙarar mota a titi sai an kasa kunne. Abin da ya ɗan sanyaya mana rai shi ne jin cewa majalisar dattawan Najeriya ta ƙi goyon bayan yaƙi, sanatocin Arewa sun tsaya kai da fata. Ran 9 ga wata kuma rediyo ya ce Muhammadu Sanusi na Biyu, Sarkin Kano na 14, ya gana da Janar Tchiani a Yamai, Sarkin Damagaram na tare da shi. Na ruga na kai wa Baba labarin. Ya sa na maimaita sunayen biyu, sannan ya ce, "Gidan Alu da gidan Kuran Daga a tabarma ɗaya. Allah ya sa albarka." Kwana uku bayan haka malaman Najeriya suka bi sahu ƙarƙashin Sheikh Bala Lau. Maganar yaƙi ta fara lafawa, amma iyaka ta ci gaba da zama a rufe.

Da ƙarshen Agusta ya matso, komawa makaranta ta taso mana. Dangi suka shirya tafiyar. Mota ta kai mu kusa da Matamaye, daga nan 'yan kabu-kabu biyu suka ɗauke mu ta cikin gonaki, wani ɗan goggon maiɗakina na gaba a kan nasa babur. Gero ya fi mutum tsawo, ya fid da kai, muna ratsawa yana shafar kafaɗunmu. Muka sha ruwa a wani ƙauye inda matar gidan 'yar Najeriya ce, mijin ɗan Nijar. Ban san inda muka tsallaka ba. Sai da wayata ta yi ƙara saƙonnin wata guda suka fara shigowa na gane mun iso. Kwananmu 35 a Tirmini.

Da za mu taso na je sallama, na durƙusa inda na durƙusa ranar farko. Baba ya ce in matso. Ya kama hannuna ya juya tafin, ya duba kantar, ya ce, "Ɗana, ka yi noma a gonar nan. Rabonka na nan."

ECOWAS ta janye takunkumin ran 24 ga Fabrairu 2024, Najeriya ta buɗe iyakarta ran 13 ga Maris, Nijar ta buɗe tata ran 22. Ana saura kwana kaɗan Ƙaramar Salla wani direba ya kira ni in zo tasha akwai saƙo. Buhun gero ne, an ɗinke bakinsa da igiyar kaba, an rubuta sunana da gawayi a jiki. Maiɗakina ta ɗebi kwano biyu ta surfa a daren, da shi aka yi kunun buɗa-baki washegari.