Kayan Aikin Nazarin Taurari da Kwamfuta: Abin da Malami Ke Bukata a Ƙasar Birnin Gwari

Ilmin falaki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Manomi ya san Kaza da 'Ya'yanta, ya san Gamzaki, malaman zaure kuwa suna lissafin damina da taurarin nan 28 da suka samo daga littattafan Larabci. Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira cikin 1741, ya bar rubuce-rubuce a kan hisabi da taurari. Abin da ya sake a wannan zamani shi ne kayan aiki. Masanin taurari na yau ba safai ya kan kafa ido a madubin hangen nesa ba. Na'ura ce ke ɗaukar hoton sama, ta mai da haske lambobi, sa'an nan a zauna da kwamfuta a yi ta awo.

Wannan sauyi yana da amfani ƙwarai ga wuri kamar Birnin Gwari. Garin yana wajen daraja 11 arewa da ikwaita, saboda haka mutum na iya ganin tauraron arewa can ƙasa kusa da doron ƙasa, ya juya kuma ya ga Gicciyen Kudu a lokacinsa, abin da mazaunin Ingila ba ya samu. Dajin Kamuku, wanda aka mayar gandun ƙasa cikin 1999, ba shi da fitilun da ke dushe taurari a birane. Amma fa shekarun da 'yan bindiga suka yi suna addabar yankin sun sa fita daji da dare ya zama sayar da rai, ga kuma ƙurar hunturu da gizagizan damina. Malamin kwaleji ba lalle ne ya jira madubi ba, gama manyan ɗakunan duban taurari na duniya suna sakin abin da suka tara kyauta. Kumbon Gaia na Turai kaɗai ya fitar da bayanin taurari wajen biliyan 1.8 cikin 2022.

Kwamfutar da a ke bukata ba wata ta a zo a gani ba ce. Ta cinya mai ƙwaƙwalwar aiki gigabait 8 ta isa koyarwa. Inda a kan yi kuskure shi ne wajen ma'ajiya. Hoto mai ɗigo 4096 a tsaye da 4096 a kwance, in kowane ɗigo ya ci bait 2, nauyinsa ya haura megabait 33. Hotuna 100 ke nan sun wuce gigabait 3, tun ba a fara gyara su ba, gyara kuwa ya kan ninka su. Don haka faifan ajiya na waje ya fi sabuwar kwamfuta muhimmanci.

Batun manhaja ya fi wannan sarƙaƙiya. Hotunan falaki kusan duka suna zuwa ne cikin tsarin da a ke kira FITS, wanda aka tsayar cikin 1981, kuma manhajar duba hoto ta yau da kullum ba ta buɗe shi. Mai buɗe shi cikin sauƙi ita ce SAOImage DS9. Shekaru da yawa babbar manhajar awo ita ce IRAF, wadda aka ƙera a Tusan ta Amurka domin kwamfutoci masu tsarin Unix. Hukumar da ta yi ta ta daina raya ta cikin 2013, ko da ya ke masu sa kai sun ci gaba da riƙonta. Yawancin masana yanzu sun koma ga harshen Python da tarin kayan aikinsa mai suna Astropy. Wanda zai fara yau, gara ya fara daga nan. Waɗannan manhajoji sun fi zama lafiya a kan Linux, watau irin su Ubuntu, wanda shi ma kyauta ne. Mai Windows na iya girka Linux a cikinta ba tare da ya share kome ba. Stellarium kuwa, wadda ke zana sama yadda ta ke a kowane gari da kowace sa'a, ba ta awo ba ce, ta koyarwa ce, amma da ita ɗalibi zai gane cewa Kaza ita ce Surayya ta malaman zaure.

Sauran wahala biyu ne, wuta da intanet. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar girkawa, aikin na iya lalacewa, don haka batir da farantin sola suna cikin kayan aiki kamar kwamfutar kanta. Saukar da manhajojin kuma ya kan ci data mai yawa; dabara ita ce a sauke su sau ɗaya inda intanet ke da ƙarfi, kamar Kaduna ko Zariya, a zuba a filashi, a raba wa makarantu.

Akwai wani ɗan abu da a kan manta. Bayanan falaki suna bin agogon Girinic, agogon Nijeriya kuwa yana gaba da shi da sa'a 1. A cikin sa'a guda sama tana juyawa daraja 15, saboda haka wanda bai daidaita agogon kwamfutarsa ba zai nemi tauraro inda ba ya nan.