Wane icce za ka dasa cikin gidanka?

Ɗan'uwa mai karatu, dubi tsakar gidanka da tsakar rana cikin watan Afrilu. In babu icce ko guda, ka san yadda take: ƙasa ta yi zafi, yara sun rasa wurin zama, iska na kwaso rairayi har cikin tukunya. Kowa na son inuwa. Amma mutane da yawa sun dasa icce, sun yi ta ba shi ruwa wata biyu ko uku, daga baya ya bushe. Sai su ce ba su da hannun dashe. Sau da yawa ba hannu ba ne. Iccen da suka zaɓa ne bai dace da gidan ba.

Ni ma na taɓa yin wannan kuskure. Na sayo mangwaro biyar na dasa bayan ɗaki. Rijiya kuwa tana can bakin gari. Da bazara ta yi tsanani, uwar gida ta ce mini: "Malam, ruwan nan na sha ne ko na mangwaro?" Gaskiyarta. Huɗu suka mutu, na biyar ɗin akuya ta cinye.

Don haka kafin ka sayi dashe, tambayi kanka wa zai ɗebo ruwan. A ƙasarmu damana wata uku ce zuwa huɗu. Ruwan shekara a Maraɗi kamar milimetir 500 ne. A Tawa bai cika kai 400 ba. Can kudu, wajen Gaya, yana kai wajen 800. Sauran watannin shekara, iccenka zai rayu da danshin da saiwarsa ta samu, ko da ruwan da wani ya ɗauko a kai. Wannan wani kuwa, mun san ko wane ne: mace ce ko yaro. In kuna sayen ruwa bido-bido, to kuɗi ne kake zubawa gindin icce. Mangwaro, lemu, gwaiba da gwanda duk suna da daɗi, amma mashaya ruwa ne. Na mai famfo ne cikin gida, ko mai garka a fadama. In kana son guda ɗaya, dasa shi wurin da ake alwala, ka tsaya nan.

Zogala

In wuri ɗaya kaɗai gare ka, ni dai zogala zan ce ka sa. Wasu na ce mata ƴar Makka. Ba ta da wuyar sha'ani. Ana shuka ƙwayarta kai tsaye, zurfin gaɓar yatsa guda. Cikin mako ɗaya ko biyu ta tsiro. Ana kuma yanko reshe mai kauri a kafa shi, ya kama. Bayan wata biyu zuwa uku ka fara tsinkar ganye.

Abu guda ne mutane ke mantawa. In ka ƙyale ta, sai ta yi ta tsawo kamar gora, ganye ya koma can sama inda hannu ba ya kai. Iccenta kuma ba shi da ƙwari, iskar farkon damana na karya shi. To, da ta kai ƙugunka, ka tsinke kanta. Za ta fitar da rassa ta gefe. Kowace shekara ka sare ta daidai metir guda daga ƙasa. Kada ka ji tausayi, za ta sake tohowa fiye da da. Masu garkar zogala a gulbin Maraɗi haka suke yi.

Zogala na jure fari in ta kafu. Da rani tana iya zubar da ganye, amma ba mutuwa ta yi ba. In kana zuba mata ɗan ruwan wanke kwanoni marar sabulu da yawa, ganye ba zai yanke ba. Abin da ba ta so shi ne ruwa ya kwanta gindinta, sai saiwar ta ruɓe. Ganyen yana gina jiki, yana ƙara jini, yana da amfani ga mai ciki da mai shayarwa da yara. A yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, ko a sa cikin dambu. In za ki shanya shi, uwar gida, ki shanya a inuwa. Rana na rage mishi amfani.

Sai dai zogala ba ta ba da inuwar kirki. Wannan aikin wani ne.

Bedi

Bedi, wato dogon yaro, asalinsa daga ƙasar Indiya ne, amma ya zama ɗan gida. Duba titunan Damagaram da Yamai, shi ne ko'ina. A kwarin Majiya, wajen Buza cikin jihar Tawa, tun 1975 aka fara dasa shi layi-layi don tare iska daga gonaki. Iccen da ya rayu a fili haka, ba zai gagare ka cikin gida ba. Ka ba shi ruwa raninsa na farko, wani lokaci har na biyu. Daga nan ya riƙe kansa. Yana da ganye lokacin da ake matuƙar son inuwa. Busasshen ganyensa ana sa shi cikin hatsi ko wake don korar ƙwari.

Amma ka kula da wurin da za ka sa shi. Saiwarsa na tafiya nesa neman danshi. Tana tsaga bango, tana shiga salga, tana ɗaga daɓen siminti. Ka ƙirga taku bakwai ko takwas daga ɗaki, daga rijiya, daga salga, har da bangon maƙwabci. Rigimar maƙwabta kan saiwar bedi ba sabon abu ba ce wurin mai unguwa. Guda ɗaya ya ishi matsakaicin gida. Ka sani kuma akwai shara, don yana zubar da ganye da ɗiya, kuma ba abin da ke yin kyau ƙarƙashinsa.

Turare kuwa, wanda ake yin azara da shi, ka bar shi wajen gari. Yana shanye danshin ƙasa, ya hana na kusa da shi sakewa.

Shinge mai rai

Darnin kara kowace shekara sai an sake shi, ga gara, ga gobara. Aguwa na iya maye gurbinsa. Dashenta ya saɓa wa na sauran itace: ba cikin damana ake yi ba. Da bazara, kafin ruwa ya sauka, ake yanko rassa masu tsawon kamu ɗaya ko biyu, a kafa su kusa da kusa cikin busasshiyar ƙasa. Ba a ba su ruwa. In danshi ya yi yawa tun farko, ruɓewa suke yi. Bisashe ba su cika damuwa da ita ba. A kiyaye dai kada farin ruwanta ya shiga ido.

Lalle shi ma yana yin shinge mai kyau ta cikin gida. Yana son ruwa shekarar farko, daga baya kaɗan ya ishe shi. Yawan aske shi ne ke sa ya yi duhu. Mata su yi ƙunshi, abin da ya rage a shanya a kai kasuwa.

Akwai bini-da-zugu, wanda shi ma ake shinge da shi, kuma ba ya son wahala. Amma ni ba zan sa shi gidan da ke da ƙananan yara ba. Ƙwayarsa ta yi kama da gujiya. Yaro in ya ci, sai amai da zawo mai tsanani. In haka ta faru, a kai shi likita nan take, a tafi da ƙwayar don a ga abin da ya ci.

Na gida tun kaka da kakanni

Magarya, aduwa da kuka ba su san wani abu wai shi ban ruwa ba. A nan aka halicce su. Magarya da aduwa suna da ƙaya, sai a lungu, nesa da wurin wasan yara. Yanzu akwai magarya mai aure: ana ɗaura reshen wani iri mai manyan ɗiya kan gindin tamu ta gida. Ka tambayi ma'aikatan gandun daji ko masu renon itace na garinku.

Kuka, wasu na tsoron ta cikin gida, wai mazaunin iskoki ce. Ba zan yi gardama da kowa ba. Abin da na sani, ƙaramar kuka da ake sarewa a kai a kai ba ta wuce tsawon mutum, kuma tana ba da ɗanyen ganyen miya. Ƙwayarta na da tauri. A zuba mata ruwan zafi, a bar ta ta kwana ciki, sannan a shuka.

Kafin ma ka sayi kome, zagaya bayan gida. Wataƙila akwai kututturen da ke tohowa da kansa. Ka zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi, ka sare sauran. Wannan shi ne sassabin zamani, wanda manoman jihar Maraɗi suka soma tun wajen 1983, ya mayar da itace cikin gonaki masu ɗimbin yawa. Saiwar na nan da daɗewa, ba ta bukatar ko moɗa guda.

Ranar dashe

Tun 1975, ran 3 ga watan Agusta ake bikin dashen itace a Nijar. Kai ba sai ka jira ranar ba. Da damana ta zauna cikin watan Yuli, ka dasa, don saiwa ta samu lokacin nutsewa kafin ruwa ya ɗauke.

Gina rami mai faɗin santimetir 50, zurfi ma haka, wato kamar kamu guda. Gauraya ƙasar sama da taki wanda ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki na ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Ka yanke ledar ka cire ta, kada ka binne icce da rigarsa. Dasa da marece. Ka bar ɗan gurbi kewaye da gindi don ruwa ya tsaya.

Sannan kariya. Ko iccen da ya fi kowane juriya, akuya guda na gamawa da shi kafin ka dawo daga masallaci. Kewaye shi da ƙaya, ko ka jera tubali da ƴan kafofi don iska ta shiga, ko ka kifa tsohuwar tano da aka cire wa gindi.

Don ranin farko, ga dabara. Nemi tulu na yumɓu, ko tsoho ne, ka binne shi kusa da dashen har wuya. Cika shi da ruwa, ka rufe bakin don sauro. Ruwan zai riƙa tsatsowa sannu-sannu daidai wurin saiwa, rana ba ta shanye shi. Ka leƙa bayan kwana uku ko huɗu, in ya yi ƙasa ka ƙara.