Karen Juji da Karen Gida

Da asuba, kafin mahauta su fara fiɗa, za ka ga karnukan juji a bayan kwata su huɗu ko biyar. Babban ya tsaya kan ƙashi, ya ɗaga jela, gashin bayansa ya miƙe, yana gurnani ƙasa-ƙasa. Ƙaramin ya kwantar da kunnuwa, ya cusa jela tsakanin cinyoyi, ya kau da kai. Shi ke nan, an yanke hukunci ba a zub da jini ba.

Karen juji ba ya son faɗa, don ba shi da mai yi masa magani. In ya karye a ƙafa, yunwa ce za ta ƙarasa shi. Shi ya sa rigimarsa ta fi ƙarewa a barazana. Ba a cika kaiwa ga kare jini biri jini ba sai a kan karya mai neman barbara, ko in baƙon kare ya keta musu unguwa. Ita kuwa mai jego, bayan cikin wata biyu, ba ta da wasa a kan kwiyakwiyanta. Da mutane, karen juji ɗan lissafi ne: ya san mai jefa masa ƙanzo, ya san mai durƙusawa neman dutse. Ai an ce da shi ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa.

Karen gida yana da tuwo, amma sau da yawa ba shi da dangi. Kwikwiyo yana koyon zama da 'yan'uwansa da mutane ne tsakanin mako 3 zuwa 12. Wanda aka ɗaure da sarƙa tun yana ƙarami bai koyi gaisuwar karnuka ba, kuma in ya tsorata ba shi da wajen gudu. Abin da ya rage masa haƙori ne. Yawancin cizo tsoro ne ke haifar da shi, ba mugunta ba.

Mahaukacin kare kuwa ba ya bin wannan doka. Kusan duk ciwon haukan kare da ke kama mutane daga cizon kare yake zuwa. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti.

Hadisi ya ba da labarin mutumin da ya ɗebo ruwan rijiya a takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Ba a ce karen na wani ba ne.