Tazarar Lokaci Ma Bayani Ce a Zanen Alƙaluma

Manhajojin jadawalin lissafi irin su Excel da Google Sheets sun sauƙaƙa zanen alƙaluma har ta kai ga mutum ba ya tsayawa ya tambayi kansa abin da ya zana. Ka zuba shekaru a ginshiƙi ɗaya, adadi a na kusa da shi, ka danna zanen layi, nan take ga layi ya miƙe. Matsalar tana ɓoye ne a layin kwance na ƙasa, inda ake jera lokaci. Idan Excel bai gane cewa abin da ka rubuta kwanan wata ne ba, sai ya ɗauke shi kamar sunaye, ya ba kowanne fili daidai da na ɗan'uwansa. Muddin ana auna abu kowane wata ko kowace shekara ba fashi, babu laifi. Amma yawancin alƙaluman da ke hannun jama'a ba haka suke zuwa ba, kuma duk zanen da ya daidaita tazarar da ba daidai take ba ya faɗi ƙarya, ko da kowace lamba a cikinsa gaskiya ce.

Ƙidayar jama'ar Najeriya ta isa hujja. Ta 1952 zuwa 1953 ta ba da kimanin mutum miliyan 30, ta 1963 miliyan 55.7, ta 1991 kusan miliyan 89, ta 2006 kuwa miliyan 140.4. An soke ta 1973, shi ya sa aka sami babban giɓi a tsakiya. Jera waɗannan huɗu a tazara ɗaya, za ka ga layi yana hawa a natse: ƙarin miliyan 25, sai 33, sai 51, abin gwanin sha'awa, babu abin tambaya. To amma tazara ta farko shekara 10 ce, ta biyu 28, ta uku 15. Da zarar an ba kowace tazara faɗin da ya dace da ita sai hoton ya sauya: ƙarin kusan miliyan biyu da rabi a shekara, sannan ya faɗo zuwa miliyan ɗaya da ɗoriya, sannan ya haura miliyan uku. Layin ya yi tsalle, ya kwanta, ya sake tashi. Al'umma ba ta hayayyafa haka, kuma wannan karkacewa ita ce ke tuna wa mai karatu doguwar taƙaddamar da aka yi a kan ƙidayar 1963, da zargin cewa ta 1952 zuwa 1953, ta zamanin Turawa, ta bar mutane da yawa a baya saboda tsoron haraji. Zanen farko ya shafe wannan tambaya gaba ɗaya, kamar taswirar da ta nuna nisan Kano zuwa Zariya daidai da na Zariya zuwa Legas.

Maganin yana cikin manhajar kanta. Akwai zanen ɗigo-ɗigo, wanda Excel ke kira Scatter, shi kuma yana ɗaukar layin kwance a matsayin ma'auni na lambobi, ya ajiye kowane ɗigo a gurbinsa na gaskiya. Wannan yana yiwuwa har da kwanan wata, domin a wurin Excel kwanan wata lamba ce: 1 ga Janairu 1900 shi ne 1, 1 ga Janairu 2024 shi ne 45292, ƙarfe sha biyun rana kuma rabin kwana ne, wato 0.5. Abin lura guda: idan ka rubuta kwanan wata ya manne a hagun akwatinsa maimakon dama, to alama ce manhajar ta ɗauke shi rubutu ne kawai, kuma zanen zai koma jera su ɗaya, biyu, uku.

Wani zai ce ai zanen layi ma yana da zaɓin mayar da layin ƙasa na kwanan wata, me ya sa za a sha wahala? Gaskiya ne, kuma yana aiki idan ma'aunin kwanaki ne ko watanni. Sai dai a Excel mafi ƙanƙantar abin da wannan zaɓi ya sani shi ne kwana ɗaya. Ma'aikaciyar jinya da ta auna zafin jikin mara lafiya da ƙarfe shida na safe, da shida da rabi, da biyun rana, za ta ga ma'aunin uku sun taru a tsaye a wuri guda, alhali saurin hawan zazzaɓin cikin rabin awa shi ne abin da likita ke nema. Wani kuma zai yi ƙorafin cewa zanen ɗigo yana fito da lambobi marasa kan gado a ƙasa. Wannan gyaran minti ɗaya ne, a sauya tsarin lambobin layin zuwa na kwanan wata.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na layin da ke haɗa ɗigo da ɗigo. Tsakanin 1963 da 1991 babu ƙidayar da aka amince da ita, amma miƙaƙƙen layi yana nuna kamar an san abin da ya faru a kowace shekara. Zanen ɗigo bai kawar da wannan ba, sai dai ya bar giɓin a fili, in har an bar ɗigogin manya yadda ido zai bambance abin da aka auna da abin da aka ƙiyasta. Lanƙwasasshen layin nan mai santsi da manhajar ke tayi kuwa, gara a guje shi, don yakan haura ko ya nutse inda babu ma'auni ko ɗaya. Akwai kuma inda daidaita tazara ke da hujja: masu zana farashin hannun jari sukan cire Asabar da Lahadi da gangan tunda kasuwa a rufe take, haka mai kwatanta yawan ƙuri'un zaɓe da zaɓe yana iya amfani da zanen sanduna, domin abin da yake gwadawa girman adadi ne, ba saurin sauyi ba.