Bayan dashen ƙoda: a lura da tumbi, a lura da rama

A ƙasarmu, in mutum ya tashi daga doguwar jinya, kumatunsa ake fara dubawa. In ya ciko sai a ce ya samu sauƙi. Dangi su yi ta aiko da kwanuka, wannan tuwo da man shanu, wancan shinkafa da nama. Ga yawancin masu jinya, wannan alheri ne. Amma ga wanda aka yi wa dashen ƙoda, kwanon da aka kawo don ƙauna yana iya zama masa cuta.

Ƙoda biyu Allah ya ba kowa, ko wace kamar dunƙulen hannu. Aikinsu tace jini, su fitar da datti da ruwan da ya yi yawa ta hanyar fitsari. Hawan jini da ciwon sukari su ne kan gaba wajen kashe su, a hankali, ba tare da ciwo ba. In sun daina aiki, sai na'ura ta karɓi aikin. Shi ne wankin ƙoda, wanda ake yi a babban asibitin Damagaram da kuma Yamai. Ƙa'idarsa sau 3 a mako, awa 4 ko wane zuwa. Manomin da ke ƙauyen Dungas ya san abin da wannan yake nufi: ko ya bar gona, ko ya bar wanki.

Hanya ta biyu ita ce dashe. Wani mai lafiya, galibi ɗan'uwa na jini, ya ba da ƙodarsa guda, a sa wa maras lafiya a gefen mara. Dashen farko da ya yi nasara an yi shi a birnin Boston na Amurka a shekara ta 1954. Likita Joseph Murray ya ɗauki ƙodar wani tagwai ya sa wa ɗan'uwansa, wanda ya ƙara shekara 8 a duniya. A Najeriya an fara a Legas a 2000. Asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara nasa a 2002, kuma kowa ya san Kano ta fi Yamai kusa da mu.

Jiki ba ya son baƙo

Jikin mutum yana da dakarun da ke yaƙar duk abin da ba nasa ba. Su ake kira garkuwar jiki. Sabuwar ƙoda baƙuwa ce a wurinsu, don haka sai su far mata. Shi ya sa wanda aka yi wa dashe yake shan maganin kwantar da garkuwa kullum, muddin ƙodar tana jikinsa. Ɗaya daga cikin magungunan nan yana buɗe ciki ƙwarai. Ga shi kuma an ɗage masa yawancin hane-hanen abinci na lokacin wanki. Sai ka ga cikin shekarar farko mutum ya ƙara kilo da dama.

To, ba duk nauyi ne iri ɗaya ba. Akwai nauyin tsoka, irin na mai huɗa da noma. Akwai nauyin kitse, wanda yake taruwa a tumbi. A birnin Budafes na ƙasar Hangari, likitoci sun bi lafiyar mutum 993 da aka yi wa dashe, suka bayyana abin da suka gani a 2010. Waɗanda ƙugunsu ya fi faɗi sun fi mutuwa da wuri. Amma in ƙugu ɗaya ne, wanda ya fi nauyi a sikeli ya fi daɗewa. Likitocin suka fahimci cewa tsoka tana kare mutum, kitsen ciki kuwa yana cin sa.

Dalili shi ne kitsen ciki ba ya zama shiru. Yana zuba wasu sinadarai cikin jini masu tayar da kumburi. Ba kumburin ƙafa ko na fuska muke nufi ba, wanda ido ke gani. Wannan kumburin ɓoye ne, kamar garwashin da toka ta rufe. Yana lalata hanyoyin jini, ya gajiyar da zuciya, ya ƙara hawan jini, ya buɗe wa ciwon sukari ƙofa. Mutane da yawa da aka yi wa dashe, ciwon zuciya ne yake ɗauke su alhali ƙodar tana aiki. Likita yana gane wannan kumburi ta awon jini mai suna CRP.

Kada kuma a ce ai rama ce mafita. Kumburin nan, in ya daɗe, yana kashe sha'awar abinci, ya narkar da tsoka. Wanda yake ramewa ba dalili bayan dashe, ya fi mai ɗan kauri shiga haɗari. Sau da yawa akwai cutar da ta ɓuya a bayan ramar: ruɓaɓɓen haƙori, ciwon mafitsara, gyambon da ya ƙi warkewa, ko tarin fuka. Tun da an kwantar da garkuwarsa, cutar da wani zai yi kwana biyu ya tashi, shi tana iya kai shi kushewa. Zazzaɓi ko na yini ɗaya ne, asibiti ya nufa.

Awo da igiya

Ba sai da kayan Turawa ba. A sami igiya, a auna tsawon mutum daga ƙasa zuwa ƙoƙon kai, a yanke. A ninka ta biyu, a zagaya ciki da ita dab da saman cibiya. In bakunan sun haɗu, madalla. In sun ƙi haɗuwa, tumbi ya wuce iyaka. Ga mai zuwa gidan likita kuma akwai sikeli. Mai tsawon mita 1 da santimita 70, nauyin da ya dace da shi yana tsakanin kilo 54 da 72. A riƙa rubuta nauyin a littafi tare da kwanan wata, ai amfanin yaƙi da jahilci ke nan. In ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana biyu, wannan ba kitse ba ne, ruwa ne ya taru, kuma alama ce ƙodar tana neman taimako da gaggawa.

Abincin da ya dace kuwa yana cikin rumbunmu. Tuwon gero ko na dawa daidai ciki, wake, miyar kuka, zogale, ƙwai da kifi dafaffu sosai. Waɗannan suna gina tsoka. Gyaɗa da riɗi, da muke nomawa da yawa a nan, suna da kyau amma mai gare su, sai a ci kaɗan. Abin ragewa shi ne gishiri, dunƙulen miya, soye-soye, lemon kwalba, da sukarin shayi. Mu faɗi gaskiya, shayin majalisa zagaye uku, sukarinsa ya fi ganyensa yawa. Nonon da za a dama fura da shi, a tabbata an tafasa madarar kafin ta kwana. Ruwan sha ma ya zama mai tsabta, a kuma sha isasshe, musamman a watannin bazara.

Bayan rauni ya warke kuma likita ya yarda, tafiya a ƙasa da ɗan aikin gona da sanyin safiya suna da amfani. Zama a inuwa yini guda shi ke rage tsoka, ya tara kitse. Maganin ciwon jiki na masu talla a kasuwa, irin su diclofenac da ibuprofen, yana cutar da ƙoda, haka nan jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba. Har maganin tarin fuka na asibiti yana rage ƙarfin maganin dashe. Saboda haka duk gidan likitar da aka je, ko a Magarya ko a Dungas, tun kafin a rubuta magani a fara gaya wa ma'aikaci cewa akwai ƙodar dashe a jiki, a nuna masa takardar asibitin da ya yi aikin.