Baƙon da Ba Shi da Takarda: Amana a Wuyanmu

A Kasuwar Daji da Shinkafi mun saba ganin fataken Nijar suna shigo da dabbobi su koma da hatsi, wasunsu ba su riƙe da wata takarda. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta halatta wa mai takardar tafiya zaman kwana 90 ba tare da biza ba. Tun da Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, muhawara ta taso: wasu na cewa a kore su saboda ta'asar 'yan bindiga, wasu kuwa a yi musu rajista.

Malaman fiƙihu sun tabbatar cewa wanda aka bai wa amana, jininsa da dukiyarsa haramun ne, ko da ba Musulmi ba ne, balle ɗan'uwa maƙwabci. Kada mu manta, a 2019 dubban mutanen Zamfara, Sakkwato da Katsina sun gudu yankin Maraɗi, aka karɓe su kamar yadda Najjashi ya karɓi Sahabbai a Habasha.

Rajista ce mafita: a san baƙo, a kare haƙƙinsa, a hukunta mai laifi shi kaɗai. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.